Muhawara: Me ya sa ƙara wa eriya sanduna bai ƙara mata ƙarfi ba?

Fuseini (Aboabo):
Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida. Ina da tambaya a kan eriyar talabijin mai jerin sanduna, wadda ake kira Yagi. Wani maƙwabcinmu yana da guda mai tsawon kamar mita 1, hotonsa yana tsattsayawa duk lokacin da hadari ya taso, sai ya ce in ƙara mata ƙarfi. Na samo bututun alminiyam na ƙara mata wani mita 1 a gaba, na yanka sababbin sanduna daidai da tsawon sandar ƙarshe ta asali, na jera su da tazara iri ɗaya. Da muka mayar da ita kan rufi, ma'aunin ingancin sigina da ke cikin dikoda bai ƙaru ba, wani rukunin tashoshi ma ya ɓace baki ɗaya, alhali a da yana kamawa. Kebul da mahaɗa lafiyarsu lau. Tunda kowace sanda tana kamo sigina, me ya sa ninka tsawon eriya bai ninka abin da take kamowa ba?

Alhaji Mumuni (Alabar):
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin ka zargi sanduna ka fara zargin saitin fuska. Eriya idan ta yi tsawo bakinta yakan tsuke, kuskuren juyin da gajeriya za ta yafe maka doguwa ba za ta yafe ba. Mu tun zamanin talabijin baƙi da fari muke ɗaura irin waɗannan, kuma abin da muka sani shi ne kowace sanda tana tsinto nata rabon ta miƙa wa ta bayanta, har ya isa ga wadda aka ɗaura wa waya. Sanda goma ta fi biyar, ashirin ta fi goma, in dai an jera su a miƙe. Ka sake hawa ka juya ta a hankali, wani yana duba maka ma'aunin a ƙasa.

Fuseini (Aboabo):
Na yi haka, Baba Alhaji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tashoshin da suka ɓace ba sa dawowa idan na fuskantar da ita sak ga inda hasumiyar take, sai na ɗan karkatar da ita dama ko hagu suke leƙowa, su ma a raunane.

Injiniya Rukaya (Madina, Accra):
Alhaji ya yi gaskiya a kan tsukewar baki. A tsakiyar layin UHF da talabijin ɗinmu na dijital yake kai, wato wajen megahaz 600, tsawon zangon igiyar rediyo, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gaba da shi, santimita 50 ne. Eriya mai mita 1 da aka tsara da kyau, faɗin babban harshen siginarta, wato kusurwar da take kamawa sosai ta gaba, yakan kai digiri 40 ko kusa da haka, mai mita 2 kuma ya sauko ƙasa da digiri 30. Sai dai abin da Fuseini ya faɗa a ƙarshe, cewa gaba ta mutu gefe yana kamawa, alama ce ta wata cuta dabam, kuma ba za a gane ta ba sai an dubi doguwar Yagi a matsayin hanya da igiya take bi.

Zan yi bayanin kamar eriyar aikawa take yi, domin ya fi sauƙin hangowa, kuma yadda eriya take watsawa haka take karɓa, babu bambanci. Jerin sandunan gaba yana ɗaukar wata irin igiya mai bin jiki, wato igiyar da take tafiya manne da jikin abu, ƙarfinta yana raguwa da sauri da zarar ka ɗan nisanta daga jikin. Halinta na farko shi ne gudunta bai kai gudun haske ba. Hali na biyu, wanda shi ne mutane suke jin nauyin yarda da shi, muddin hanyar a miƙe take kuma sandunan iri ɗaya ne, igiyar ba ta barin jikin ta fita sarari. Tana fita ne kawai a inda hanyar ta sauya, wato wajen sandar da ke da waya, da kuma bakin ƙarshe inda sandunan suka ƙare.

To, ga inda lissafin yake. Abin da ya fita kai tsaye daga wajen waya yana tafiya a iska da gudun haske, abin da ya bi sanduna kuma yana ja da baya kaɗan, saboda haka idan suka isa bakin eriyar akwai bambancin taku tsakaninsu, wanda ake aunawa da digiri, inda jinkirin zango guda cikakke yake daidai da digiri 360. A 1938 masana Hansen da Woodyard suka nuna cewa ga eriya mai tsawo ƙwarai, ƙarfin gaba yana kai ƙololuwarsa ne idan bambancin ya kusa digiri 180. A 1959 Ehrenspeck da Poehler suka auna Yagi na zahiri, suka ga gajeru sun fi son wajen digiri 60, waɗanda tsawonsu ya kai zango 4 zuwa 8 kuma wajen digiri 120. Ƙanina Fuseini, kai ka ninka tsawon hanyar amma ka bar gudun igiyar yadda yake, don haka bambancin takun ya ninka, ya zarce inda ake so. Idan ya zarce sosai, harshen gaba yakan ƙanƙance, ƙarfin ya koma harsunan gefe, wanda shi ne daidai abin da ka gani a kan rufi.

Alhaji Mumuni (Alabar):
'Yata, na karanta sau biyu, kuma ban ƙi ilimi ba, amma akwai inda zancen bai zauna mini ba. Idan sandunan tsakiya ba sa watsa komai, a cire su mana a bar ta farko da ta ƙarshe, a huta da sayen alminiyam. Ni da hannuna na sha riƙe sandar tsakiya, na ga hoto ya canja nan take. Abin da ba ya aiki ba zai canja hoto ba.

Abdul-Basit (KNUST):
Baba Alhaji, da izininka, ina ganin kai da Anti Rukaya kuna kallon abu ɗaya ne ta ƙofa biyu. Gaskiya ne kowace sanda tana ɗauke da lantarki mai kai da komo, kuma gaskiya ne ana iya lissafa dukan abin da eriyar take watsawa ta hanyar tara rabon kowace sanda. Haka ma manhajojin kwamfuta da muke amfani da su suke yi. Sai dai tarawar ba kamar tara kuɗi ba ce, domin kowane rabo yana zuwa da nasa takun. Tunda igiyar da ke bin sanduna ta fi ta iska jinkiri, rabon kowace sanda yana ƙara zamewa daga na ta farko, har a iso sandar da rabonta yake soke na wata maimakon ya ƙara shi. Idan aka tara duka, na tsakiya sukan cinye juna, abin da ya rage kuma sai ya zama kamar daga bakuna biyu ya fito. Amma ba za a iya cire su ba, domin su ne hanyar da igiyar take bi, kuma da ka riƙe guda ka lalata daidaiton hanyar, ka buɗe wa igiyar wata mafita a tsakiya.

Alhaji Mumuni (Alabar):
Wannan ya fi shiga. Amma har yanzu ba a gaya mini ba, idan daga baki take fita, mene ne ribar tsawo? Gajeriya ma tana da baki.

Injiniya Rukaya (Madina, Accra):
Wannan ita ce tambayar da duk zancen ya rataya a kanta, Alhaji. Igiya mai bin jiki, gwargwadon jinkirinta gwargwadon matsuwarta a jikin sanduna. Idan aka rage tsawon sandunan gaba, igiyar takan ƙara gudu ta kusanci gudun haske, sai ta saki jiki ta bazu nesa da sandunan ta kowane ɓangare. Da ta isa bakin ƙarshe, faɗin filin da ta mamaye shi ne yake zama kamar tagar da take fitowa, kuma ƙa'ida ce a ilimin eriya cewa babbar taga ita ce take ba da siririn harshe mai ƙarfi. Amma igiyar da ta kusa gudun haske tana bukatar doguwar hanya kafin bambancin takun nan ya taru. Don a samu digiri 120 a eriya mai tsawon zango 4, dole igiyar ta gaza gudun haske da kusan kashi 8 cikin 100, mai tsawon zango 8 kuma kashi 4 kawai take bukata. Ke nan tsawo yana ba ka damar sassauta igiyar ne, kuma wanda ya ƙara tsawo bai rage sanduna ba ya biya kuɗin damar bai yi amfani da ita ba.

Shi ya sa idan kuka dubi dogayen Yagi da aka tsara da kyau za ku ga sandunan suna gajarcewa a hankali daga wajen waya zuwa gaba. Na kusa da waya sukan fi tsawo kuma su fi matsuwa da juna domin su kama igiyar su ɗora ta a hanya, na gaba kuma su sassauta ta. Peter Viezbicke ya fitar da jadawalin awo a Amurka a 1976, kuma a cikinsa tsawon sandunan gaba yana sauka ne yayin da eriyar take ƙara tsawo. Wani mai sha'awar rediyo a Jamus, Günter Hoch, ya tsara wani salon da sandunan suke ta raguwa, wanda ake iya tsawaita shi ba tare da ya rushe ba.

Batun rukunin da ya ɓace kuma, ina kyautata zaton shi ne mafi girman firikwansi a cikin waɗanda kuke kamawa. Layin talabijin ɗin ya tashi daga megahaz 470 zuwa 694, faɗi ne babba ga eriya guda. Yayin da firikwansi yake hawa zango yana gajarcewa, sandar da take daidai a ƙasa sai ta kusanci rabin zango a sama, igiyar ta yi jinkiri fiye da kima, ƙarfin ya faɗi farat ɗaya. Yagi tana haƙuri da firikwansin da ya gaza nata, amma ba ta haƙuri da wanda ya zarce. Tashoshin dijital kuwa a dunƙule ake aiko su, da yawa a kan firikwansi guda, shi ya sa suka tafi tare.

Fuseini (Aboabo):
Allah ya saka da alheri, Anti. Yanzu in rage sababbin sandunan ne kawai, ko har da na asali?

Injiniya Rukaya (Madina, Accra):
Ka shiga shafin saiti na dikoda ka ga firikwansin rukunin da ya fi girma a megahaz, ka raba 300 da shi, abin da ya fito shi ne zango a mita. Ka bar sandunan asali biyu ko uku na kusa da waya, sauran ka riƙa rage su kaɗan-kaɗan har na ƙarshe su sauko wajen kashi 40 cikin 100 na zangon, kuma kada tazara ta wuce kashi 40 ɗin. Sanda mai kauri tana bukatar ta fi siririya gajarta, wadda ta ratsa bututun ƙarfe kuma ana ƙara mata kaɗan. A Kumasi gara ka kuskure ta wajen gajarta, domin ɗigon ruwan da ke maƙalewa a bakin sanduna lokacin damina yana sa su zama kamar an ƙara musu tsawo. Kuma kada ka yi wa maƙwabcin alkawarin da ya wuce desibel 3, wato ninkin ƙarfin sigina sau biyu, domin iyakar abin da ninka tsawo yake bayarwa ke nan, a aikace ma ba ya cika kaiwa.

Malam Issah (Asawase):
Ina biye da ku. Shin wannan igiya mai bin jiki ita ce wadda take sa a riƙa kama tashoshin matsakaicin zango daga nesa da rana, musamman a bakin teku?

Abdul-Basit (KNUST):
Dangin juna ne, Malam, amma aikinsu ya bambanta. Waccan igiyar ƙasa ce, doron ƙasa take bi, kuma ruwan teku ya fi busasshiyar ƙasa ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, shi ya sa take nisa a kansa. Zenneck ya yi lissafin irinta a 1907, Sommerfeld kuma tun 1899 ya nuna cewa waya guda tana iya ɗaukar igiya a bayanta. A can duniya ce hanyar, ba mu muka gina ta ba. A nan mu ne muke gina hanyar, mu zaɓi gudun, mu zaɓi inda za ta ƙare.

Sulemana (Nima, Accra):
Ni aikina ɗaura kwanon satalayit ne, kuma wannan zancen ya tuna mini da abu biyu da nake gani kullum. Idan murfin robar LNB, wato na'urar da ke gaban kwano mai karɓar sigina, ya fashe, a cikin bakinsa akwai zobba masu zurfi a jere, ɗaya cikin ɗaya. Akwai kuma wani siririn LNB da muke sa wa idan za mu jera biyu ko uku kusa da juna a kwano ɗaya, shi ba shi da faffaɗan baki, wata farar sandar roba ce mai tsini a cikinsa. Ko waɗannan suna da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Injiniya Rukaya (Madina, Accra):
Suna da ita, ɗan'uwa, kuma ɗaya kishiyar ɗaya ne. Farar sandar ita ce eriyar igiya mai bin jiki a mafi sauƙin siffarta. Roba ba ta ɗaukar lantarki, amma tana rage wa igiya gudu, sai igiyar ta bi sandar, rabi a ciki rabi a waje, tsinin kuma yana sassauta ta a hankali har ta fita gaba, aikin da rage sanduna yake yi a Yagi. A cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka aka bunƙasa ta lokacin yaƙin duniya na biyu da robar folistarin, aka jera su da yawa a radar jiragen ruwan yaƙi, Mueller da Tyrrell suka wallafa bayaninta a 1947. Amfaninta gare ka shi ne tana samun ƙarfinta daga tsawo maimakon faɗi, shi ya sa ake iya matsa su kusa da juna.

Zobban kuwa an yi su ne don su hana igiya bin jiki. Fuskar ƙarfe mai ramuka a jere, idan zurfin ramukan bai kai rubu'in zango ba tana ɗaukar igiyar ta rage mata gudu, amma idan ya kai rubu'i ko ya ɗan zarce sai ta ƙi ɗaukarta. A layin Ku na tashoshin satalayit, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, zango yana wajen santimita 2.5, rubu'insa milimita 6 zuwa 7. Ka auna zurfin zobban da kanka ka gani. Suna hana lantarki malalowa ta gefen baki, su sa abin da LNB yake gani ya zama zagayayye daidai da kwanon. Idan ƙurar hunturu ko gidan zanzaro ya cike su, zurfin ya sauya ke nan.

Abdul-Basit (KNUST):
Ina so in ƙara wani abu, kada a ɗauka dole ne igiyar ta jira bakin ƙarshe. Idan aka sassaƙa wa hanyar sauyi mai maimaituwa, misali tsagogi ko ƙananan faci na tagulla masu girma da raguwa a tazarar da ta kusa zango guda, kowane sauyi yana sakin ɗan rabo, kamar tiyon ban-ruwa da aka hudahuda a jere. Tazarar ce take tantance kusurwar da rabon duka zai haɗu, don haka harshen yana iya fitowa ta sama ko a karkace maimakon ta baki, kuma idan ka sauya firikwansi sai ya juya ba tare da an taɓa eriyar ba. Oliner da Hessel sun yi lissafin wannan a 1959, kuma a kansa aka gina shimfiɗaɗɗun eriyoyi na zamani da masu bincike irin su Stefano Maci na Jami'ar Siena a Italiya suke yi, inda ake cusa igiyar a tsakiyar faifai ta bazu, dubban faci kuma su sake ta sama.

Alhaji Mumuni (Alabar):
Wato harshen da yake juyawa da sauyin firikwansi, ga mai radar alheri ne, ga mai talabijin kuma masifa, domin kowace tasha sai ta nemi nata juyin. Ku bar mu da sandunanmu.

Sulemana (Nima, Accra):
Injiniya, ina da wata haɗar intanet ta gigahaz 5.8 tsakanin shago da gida, kuma ina sha'awar gwada sandar robar. Bututun famfo na PVC zai yi? Kuma idan na yi ta da tsawo sosai, za ta kamo kwano a ƙarfi?

Injiniya Rukaya (Madina, Accra):
Bututun famfo ba zai yi ba, domin cikinsa iska ce, kuma PVC yana shan wani ɓangare na ƙarfin ya mayar da shi zafi. Ka nemi cikakkiyar sandar Teflon ko folistarin, ka guji nailan saboda yana tsotsar danshi. Idan kana shakkar robar da aka sayar maka, ka sa guntunta a maikurowef tare da kofin ruwa na ɗan lokaci, wadda ta fito da zafi ka ajiye ta gefe. A gigahaz 5.8 zango ya ɗan haura santimita 5. Ga folistarin, kaurin gindi wajen santimita 2.3 ne, ya sirance zuwa wajen 1.5, ga Teflon kuma wajen 2.8 zuwa 1.8, domin bai kai folistarin rage gudu ba. Gindin zai shiga cikin bututun tagulla mai ɗan ƙusa a ciki wanda aka haɗa da kebul, kuma ka fiƙe ɓangaren da ya shiga ciki don kada igiyar ta yi karo ta koma baya. Sanda mai santimita 25 zuwa 30 za ta ba ka wajen desibel 16 ko 17 idan aiki ya yi kyau. Ka kuma duba iyakar ƙarfin da hukumar kula da sadarwa ta Ghana, NCA, ta yarda a wannan layin, tunda ƙarin da eriya take yi yana shiga lissafi.

Kamo kwano kuwa ba zai yiwu ba. Ƙarfin sanda yana ƙaruwa ne daidai da tsawonta, na kwano kuma daidai da girman filin fuskarsa, don haka ninka sanda yana ba ka desibel 3, ninka faɗin kwano kuwa yana ninka filin sau huɗu, ya ba ka 6. Banda haka, doguwar sanda tana bukatar igiyar da ta saki jiki ƙwarai, irin wadda lanƙwasa kaɗan ko ƙarfen da ke kusa zai fizge ta daga hanya. Da an doshi desibel 20 wahalar ta fi ribar. Shi ya sa tashar Kuntunse ta kusa da Accra, da aka mayar na'urar hangen sararin samaniya a 2017, kwano ne mai faɗin mita 32. Idan tazarar shagon da gidan ba ta da yawa kuma babu bene ko bishiya a tsakani, sandar za ta wadatar, kuma iska ba za ta riƙa kaɗa ta kamar kwano ba. Ka ɗaure ta daga bututun tagullan kawai, kada ka sa wani maƙalin ƙarfe ko tef a jikin robar, kuma ka bar aƙalla zango biyu, wato kamar santimita 10, tsakaninta da kwanon rufi.